Tambaya da Amsa: fatsar kifin tirawut a kogunan duwatsu idan sanyi ya fara raguwa

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato kamun tirawut da ƙwaron gashi a kogunan da ke gangarowa daga duwatsu, daidai lokacin da hunturun ƙasashen sanyi ya fara ja da baya, Maris zuwa Afrilu kenan a arewacin duniya. Ga wanda bai saba ba, ƙwaron gashi ƙugiya ce da ake naɗa wa gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, kuma nauyin igiyar ne ke kai ta inda kake so, ita kanta ba ta da wani nauyi.

TAMBAYA: Salam Malam. Asabar uku kenan a jere ina fita tun da asuba, rana ta fito tas, sama garau, amma ko motsi ban ji a sandata ba. Kuma na san kogin akwai kifi don bara a watan Yuli na kama sosai. Ƙaura suke yi ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba inda suka je, suna nan a ƙasan ƙafarka, kai ne ka zo da agogon Yuli a watan Maris. Tirawut jikinsa na bin zafin ruwan da yake ciki ne, in ruwa ya yi sanyi komai nasa sai ya yi sanyi, narkar da abinci ma ɗaukar shi lokaci yake. Inda ya fi cin abinci da kuzari shi ne tsakanin digiri 10 zuwa 18 a ma'aunin Selsiyos, to kai kuma da asuba a wannan lokacin ruwan naka bai wuce digiri 2 ko 3 ba, shi ne mafi sanyinsa a duk yinin, kaga kifin da ko rabin taku ba zai matsa ba don ƙwaro ɗaya ai ba asuba ake nemansa ba. Ka yi barcinka ka karya a nitse, ka isa bakin kogi wajen sha ɗaya, daga nan zuwa uku ko huɗu na yamma shi ne lokacinka.

Kuma don Allah ka sayi ɗan ma'aunin zafin ruwa ka rataya a jakarka, ni a wurina a wannan lokacin ya fi kowane ƙwaro da ke cikin akwatinka amfani. Ka tsoma shi da zuwanka, ka sake tsomawa duk bayan awa ɗaya. Lambar da ka gani tana da muhimmanci, amma inda take dosa ya fi, ruwan da ya tashi daga 4 zuwa 6 zaka ga kifi sun fara motsi, wanda kuwa ya sauko daga 8 zuwa 6 sai su rufe baki, alhali lamba ɗaya ce.

Sai abin da ke yaudarar mutane da yawa, ranar nan mai kyau da ka ce ta fito tas. In akwai dusar ƙanƙara a kan duwatsun da ke sama da kai, rana mai zafi narkar da ita take, ruwan narkewar ya gangaro da sanyinsa ya shiga kogin, sai kaga kai kana cire rigar sanyi ruwa kuma yana ƙara sanyi yana gurɓacewa da yamma. Shi ya sa ranar da gari ya lumshe, ba rana ba iska mai ƙarfi, kuma daren jiya bai yi tsananin sanyi ba, sau da yawa ita ce ranar kifi.

Na ƙarshe, wurin da kake jefawa. A Yuli kifin na cikin ruwa mai gudu yana tare abinci, yanzu kuwa ba zai ɓata ƙarfinsa a can ba. Ka nemi gurbi mai zurfi, ko inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai tafiya a hankali, ruwan da gudunsa bai fi tafiyar mutum a ƙafa ba. Ka sa nimfi, wato ƙwaron da ke kwaikwayon 'ya'yan ƙwari da ke rayuwa a ƙarƙashin duwatsun kogi, mai ɗan kan tangistin, wani ƙarfe mai nauyi sosai, ko ka ƙara dalma, ya sauka har ƙasa. In ba ka jin yana taɓa ƙasa jefi-jefi to bai isa inda suke ba, ƙara nauyi kafin ka fara tunanin canja ƙwaro. Nimfin jelar fizan da Frank Sawyer ya ƙirƙiro, wani mai kula da kogin Avon a Ingila, da gashin jelar fizan, wani tsuntsu mai doguwar jela, da siririyar wayar tagulla kawai, har yau yana aiki. Kuma ka daɗe a gurbi ɗaya, a sanyi taruwa suke wuri guda, in ka kama ɗaya kar ka tashi.

TAMBAYA: Malam kogin da nake zuwa kwana biyu da suka wuce garau yake, yau na je na tarar ya cika ya zama ja jawur da laka. Shikenan sai an jima ko akwai dabara?

AMSA: Ya danganta da abin da ya kawo shi. In ruwan sama ne ko ɗan zafin kwana biyu, zai koma cikin 'yan kwanaki musamman in dare ya sake sanyi. In kuwa babbar narkewar ce ta fara to sai haƙuri, a duwatsun Roki na Amurka misali yawanci Mayu zuwa Yuni take cika koguna, shi ya sa masu fatsa a can suke ji da 'yan makonnin da ke gabanta sosai.

Ga gwajin da nake yi, ka tsaya a gefe inda ruwa ya kai maka gwiwa ka duba ƙasa, in kana iya hango takalminka to kifi ma zai ga ƙwaronka. Kar ka jefa tsakiya, ƙarfin ruwa ya riga ya koro su bakin gaɓa, bayan manyan duwatsu, da lungunan da ruwa ke juyawa, wani lokacin taku biyu daga inda kake tsaye. Ka sa abu babba mai duhu, baƙi ya fi fitowa a ruwan laka, ko mai kama da tana don cikar ruwa na wanko tana daga gaɓa. Ruwan da ke sauka yana washewa ya fi wanda ke hawa nesa ba kusa ba. A Amurka hukumar binciken ƙasa ta USGS na sa yawan ruwan koguna da dama a intanet, wasu har da zafinsu, ƙasashe da yawa ma suna da irin wannan, ka duba kafin ka tada mota. In kuma abin ya ƙi, nemi kogin da ke fitowa daga ƙasan dam ko wanda idon ruwa ke ciyar da shi, su ba su cika canja launi ko zafi ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mace ce, bara na fara koyo, kuma gaskiya abin da ke burge ni shi ne ganin kifi ya taso ya ɗauki ƙwaro a saman ruwa. Sai an shiga zafi kenan?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, a'a wallahi, sai dai ki zama a shirye don ƙofar gajeriya ce, wata rana awa ɗaya wata rana ko minti talatin ba ta kai ba. Iri biyu za ki sa wa ido. Akwai ƙananan ƙwari masu kama da sauro amma ba sa cizo, su ko cikin tsakiyar hunturu fitowa suke. Sai Baetis, ɗan ƙwaro mai jiki kore-kore da fukafukai ruwan toka a tsaye kamar ƙyallen da iska ke tura jirgin ruwa da shi, shi kuma ya fi fitowa da rana tsaka a ranar hadari ko yayyafi, kuma saboda sanyi da damshi fukafukansa na daɗewa ba su bushe ba, sai ya yi ta tafiya a saman ruwa kifi na tsinta ɗaya bayan ɗaya. Ki tanadi ƙugiya lamba 16 zuwa 20, ki tuna lamba na ƙaruwa ƙugiya na ƙanƙancewa, da siririn zaren gaba, wato wanda ake ɗaura ƙugiya a kai, mai lamba 5X ko 6X, shi 5X kaurinsa kamar milimita 0.15 ne. In kina yammacin Amurka akwai wani babba da ake kira Skwala, kogin Bitterroot a Montana ya yi suna da shi a Maris da Afrilu.

Ki fara da nimfi, amma idonki na kan ƙarshen gurbi inda ruwa ya kwanta. Da kin ga 'yan tsuntsaye sun fara shawagi ƙasa-ƙasa a kan ruwa, ko kin ga zoben da kifi ke bari a saman ruwa in ya taso ya buɗe sau biyu a wuri ɗaya, canja nan take.

TAMBAYA: Yallaɓai na ga manyan kifi bibbiyu a ruwa marar zurfi kan wata tsakuwa fara tas, na yi ta jefa musu sun ƙi ci sai kore juna suke. Wane ƙwaro zan sa?

AMSA: Kar ka sa ko ɗaya, ina roƙonka. Ƙwai suke zubawa. Tirawut mai bakan gizo a wannan lokacin yake haihuwa, macen ce ke share tsakuwar da jelarta ta haƙa ɗan rami ta zuba ƙwai ta rufe, shi ya sa ka ga wurin ya yi fari alhali duwatsun kewaye duk sun yi duhu da gansakuka. Kifin da ke kan wannan aikin a gajiye yake, ka ja shi minti biyar a igiya ka saki, ka cutar da shi ka cutar da abin da zai haifa. Abin da ya fi damuna ma shi ne ƙafa, don ƙwan na nan a binne makonni bayan iyayen sun tafi, 'ya'yan ma in sun ƙyanƙyashe suna ƙara zama cikin tsakuwar kafin su fito, taku ɗaya ya isa ya murƙushe da yawa kai ba ka ma sani ba. Shi kuma tirawut mai ruwan ƙasa tun kaka ya zuba nasa, amma 'ya'yansa na iya kasancewa a ciki har yanzu. In za ka tsallake kogi ka bi ta kan duwatsu masu duhu, nesa da farin wurin, kuma kar ka tada laka daga samansa don toshe ƙwan take ta hana su iska. Ka gaya wa abokan tafiyarka ma, yawancin masu takawa rashin sani ne.

TAMBAYA: An buɗe kamu ko'ina ne yanzu?

AMSA: A'a, kowace ƙasa da dokarta, wani lokacin ma kowane kogi. A Sikotland tirawut mai ruwan ƙasa daga 15 ga Maris ne zuwa 6 ga Oktoba, a Niyu Zilan kuma da yake kudancin duniya ce yawancin koguna 1 ga Oktoba ake buɗewa. Wasu rafuka ana rufe su musamman saboda masu zuba ƙwai. Karanta dokar wurin ka yanki lasisi kafin ka haɗa sanda.

TAMBAYA: Malam makon jiya santsi ya kwashe ni na faɗa ruwa har ƙirji, Allah ya kiyaye na fito amma rawar ɗari har na isa mota. Iyali sun ce in bari sai zafi.

AMSA: Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara kiyayewa, kuma damuwarsu na kan hanya, ruwan digiri 4 ba abin wasa ba ne. Da faɗawa numfashi ke fara ƙwace maka, cikin 'yan mintoci kuma yatsu su daina jin magana. Ba sai ka bari ba amma ka canja tsari. Ɗaure bel a kan wandon shiga ruwan naka tam, shi ke hana ruwa cika shi nan da nan. Ka riƙe sandar dogarawa, kar ka wuce gwiwa in ruwa ya ƙaru, dama kifin na gefe kamar yadda na faɗa a sama. Kar ka sa auduga a ciki don in ta jiƙe sanyi take riƙewa, sa ulu ko irin yadin roban nan mai saurin bushewa. Ka kula da ƙanƙarar da ta rage a bakin gaɓa, ƙasanta ruwa ya cinye, karyewa take. In ka sake faɗawa ka juya rigingine ƙafafu su fuskanci inda ruwa ke tafiya, kar ka yi ƙoƙarin miƙewa cikin ruwa mai ƙarfi don ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu, ka bari sai ya kai ka inda ya lafa ka rarrafo waje. Ka ajiye busassun kaya cikakku da tawul a mota, kuma kafin ka fita ka gaya musu a gida wane kogi za ka, ta ina za ka shiga, da ƙarfe nawa za ka dawo, don a cikin kwazazzaban duwatsu sau da yawa ba sabis a waya.