Shirun yini guda zai kare yaron da ake tsangwama?

Tambaya: Ni malami ne a wata makarantar kwana ta maza a yankin Gumel. Akwai yaro ɗan aji biyu da ɗalibai suka sa a gaba, suna kiransa ɗan daudu saboda muryarsa da yadda yake tafiya. Na gani a Facebook cewa ɗalibai a Amurka sukan wuni ba su ce uffan ba don nuna goyon baya ga masu neman jinsi ɗaya. Wannan yana da amfani kuwa? Zai taimaki yaron nan?

Amsa: Malam, Allah Ya saka da alheri da ka damu da shi. Ranar shirun da ka gani ta samo asali ne a Jami'ar Bajiniya a 1996, daga baya ƙungiyar GLSEN, mai kare haƙƙin ɗalibai masu neman jinsi ɗaya a Amurka, ta yaɗa ta zuwa makarantun sakandare. Akwai irinta a Kanada: a 2007 aka ci zalin wani yaro don ya sa riga ruwan hoda, washegari ɗalibai da yawa suka zo da irin rigar. Abin lura, wannan ta biyun ta yi tasiri ne saboda 'yan babban aji ne suka tsaya wa ƙarami a gaban masu cin zalinsa. Inda abin ya zama al'adar shekara-shekara kawai, a ɗauki hoto a watse, yaro yakan koma cikin halin da yake ciki. Ko can ɗin, abin da ya fi rage cin zali shi ne dokar makaranta da ake aiki da ita, da malamin da yaro zai iya kai wa kuka.

A nan kuwa kada ka fara shirya irin wannan rana. Dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga mai tallafa wa taro ko jerin gwanon irin wannan, ga kuma dokokin shari'a a Kano da Jigawa. Makarantar ƙauye ba ta da sirri. Kafin la'asar labari ya kai majalisar bakin kasuwa, kowa kuma ya san wa ake nufi. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sannan murya da tafiya ba su gaya maka komai game da yaro ɗan shekara goma sha uku ba. Kada ka titsiye shi da tambaya. Abin da ka sani tabbas shi ne ana zaluntarsa, wannan kuma babu malami ko liman da zai ce maka daidai ne.

Cin zalin ba a aji yake faruwa ba. Bayan an kashe fitila ne, da layin fanfo da asuba, inda siniya zai ture masa bokiti, ko ya tara masa wankin mutum biyar. Na taɓa ganin yaron da ya bar zuwa ɗakin cin abinci sati biyu, yana shan garin kwaki a bayan aji, malamai na cewa miskili ne.

Ka yi magana da malamin ɗakin kwana a mayar da gadonsa kusa da ƙofa. Ka samu siniya ɗaya mai kwarjini ka damƙa masa amanarsa a asirce. A asambuli a hana sunan banza ga kowa, har da masu kiran wani gurgu ko baƙauye, ba tare da an ambaci yaron ba. In ya fara ramewa, ko ya ce ya gaji da duniya, kada ka jira hutu. Ka kai shi asibiti, ka nemi wanda ya fi sakewa da shi a gidansu.