Amsa: yadda Amazigh na duwatsun Atlas suke gadon sanin magani

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko Amazigh, wato ƙabilar da ake kira Berber, mazauna duwatsun Maroko suna da littattafan maganin gargajiya, ko kuwa a ka suke riƙe iliminsu. Galibinsa a ka yake, kuma a ƙauyukan da ke kewaye da Tubkal, dutsen da tsayinsa ya kai mita 4,167, mata ne suka fi riƙe shi, domin yarinya tana koyon ganye ne a lokacin da take bin mahaifiyarta neman itace da ciyawar dabbobi, tana jin sunansa da harshen Tashelhit, tana murza shi tana shinshinawa.

Cikin abin da suka fi amfani da shi akwai azukni, wani ganye mai ƙamshi wanda Larabawa ke kira za'atar. Ana shanya shi, a jiƙa a ruwan zafi, a sha don ciwon ciki da mura. Akwai kuma izri, wato shihi, mai ɗaci ƙwarai, dangin tazargaden da muka sani, wanda ake sha don tsutsar ciki. Man argan, wanda ake tatsa daga ƙwallon 'ya'yan itacen argan, shi ne ya yi suna a duniya, har UNESCO ta sanya sana'arsa cikin gadon al'adu a 2014.

Abin da ya fi burge ni shi ne sanin tsiron da za a guje masa. Saiwar addad, wani tsiro mai ƙaya, tana da ɗan zaƙi, yara kan tauna ta, amma gubarta tana lalata hanta, kuma ta sha yin kisa a Maroko. Saboda haka ina roƙonka kada ka sayi saiwa daga hannun wanda bai iya gaya maka sunanta da inda aka tono ta ba.