Robin Hood na fim ɗin Russell Crowe: tarihi ne ko tatsuniya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, kwanan baya na kalli fim ɗin Robin Hood na 2010, wanda Russell Crowe ya fito jarumi a ciki. Tun ina yaro abin da na sani shi ne Robin Hood ɗan fashi ne mazaunin daji, yana ƙwace dukiyar masu kuɗi yana raba wa talakawa. Amma a nan sai na ga soja, ga yaƙi da Faransawa, ga rigimar sarauta, ba a ma kore shi daji ba sai fim na dab da ƙarewa. Abokina ya ce wannan ne ainihin tarihin, sauran duk ƙagaggu ne. Da gaske ne? Kuma an taɓa yin mutumin kuwa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka gaishe da abokin naka, ka ce masa sarakunan da ke cikin fim ɗin an yi su, amma Robin ɗin da ya gani darakta Ridley Scott da marubutansa ne suka gina shi. Sai dai kai ma wanda ka sani tun kana yaro ba shi ne na asali ba.

Wuri na farko da aka ga an ambaci waƙoƙin Robin Hood a rubuce shi ne cikin wata doguwar waƙar Turanci mai suna Piers Plowman, wajen shekarar 1377. A ciki wani malalacin limamin coci yana faɗin cewa bai iya addu'arsa da kyau ba, amma ya haddace waƙoƙin Robin Hood. Ka ga ke nan tun lokacin labarin ya riga ya zama ruwan dare a bakin talakawa. Kafin nan akwai sunaye a takardun kotu: wani Robert Hod da ya tsere wa shari'a a yankin York wajen 1226, sannan a 1262 wani magatakarda ya rubuta sunan wani mai laifi da "Robehod". Masana sun yi ta bin waɗannan sawaye, amma har yau babu mutum ɗaya da aka haɗu a kansa aka ce shi ne. Abin da ya fi ƙarfi shi ne sunan ya zama laƙabi da ake liƙa wa duk wanda ya shiga daji yana gudun hukuma.

Tsofaffin waƙoƙin da suka iso mana, na wajen 1450 zuwa 1500, za su ba ka mamaki. Robin ɗinsu ba ɗan sarauta ba ne, ɗa ne mai 'yanci, matsakaicin mutum, gwanin baka da kibiya. Sarkin zamaninsa Edward ake kiran sa, ba Richard na cikin fim ɗin ba. Babu Marian, wadda labaran daga baya suka mayar masoyiyarsa. Wani lokaci ma ba a dajin Sherwood na kusa da Nottingham, inda aka saba sa shi, yake ba, a Barnsdale yake, can ƙasar Yorkshire. Kuma ba ya raba wa talakawa dukiya kamar yadda ake faɗa. A waƙar da ta fi tsawo, wani barde ne da bashi ya yi wa katutu ya ranta wa fam 400 don ya fanshi ƙasarsa daga shugaban wani gidan 'yan zuhudu na York, daga baya ya tare wani ɗan zuhudun gidan ya ƙwace masa fam 800. Mutanensa kuwa hannunsu da jini: a wata waƙar sun kashe wani yaro ɗan aike don kada ya tona musu asiri. Wanda ya karanta wannan wurin ba zai sake ganin Robin Hood da idon da ba, kuma ina ganin ya kamata masu yabon sa su san da shi.

Sauran kayan ado daga baya aka yi ta rataya masa. Wani marubucin tarihi ɗan Sikotland, John Major, shi ya kai shi zamanin Sarki Richard a 1521. Marian ta shigo ta wasannin bikin watan Mayu na ƙauyukan Ingila. A 1598 marubucin wasan kwaikwayo Anthony Munday ya mayar da shi basaraken da aka tuɓe, domin masu kallo na lokacin sun fi son jarumi mai asali. Fim ya zo ya ɗora nasa: na Errol Flynn a 1938, na Kevin Costner a 1991 wanda aka ba shi aboki Musulmi. Saboda haka Ridley Scott bai yi laifi ba don ya sāke labarin, abin da ake yi ke nan shekara ɗari shida. Inda nake da ja da shi shi ne yadda ya sa wa nasa ƙagen rigar tarihi har mai kallo irin abokinka ya ɗauka gaskiya ce.

Fim ya buɗe da mutuwar Sarki Richard a 1199 wajen kewaye ganuwar Chalus a Faransa. Wannan ya faru: kibiyar baka mai kunama ta same shi a kafaɗa, raunin ya ruɓe, ya mutu bayan kwanaki. Amma fim ya nuna kamar yana kan hanyar dawowa daga Yaƙin Salibiyya ne, alhali ya baro can tun 1192. A hanya aka kama shi a Ostiriya, aka yanka masa kuɗin fansa mak 150,000 (mak ma'aunin kuɗin azurfa ne na wancan zamani), aka tatsi mutanen Ingila har kashi ɗaya cikin huɗu na abin da suke samu, aka sake shi a 1194. Cikin shekara goma da ya yi a kan mulki, zaman da ya yi a Ingila bai wuce kamar wata shida ba.

Akwai wuri guda da na jinjina wa fim ɗin. Sarki ya tambayi Robin ko Allah zai yi farin ciki da yaƙin da suka yi, sai ya amsa masa da a'a, ya tuna masa kisan da aka yi a Akka, wani birni a gaɓar tekun Falasɗinu. Wannan ba ƙage ba ne. A watan Agusta na 1191, bayan birnin ya miƙa wuya, Richard ya sa an fito da fursunoni Musulmi kimanin 2,700 an karkashe su a fili, a kan idon rundunar Salahuddin al-Ayyubi, saboda jinkirin cika sharuɗɗan fansa. Alƙalin Salahuddin, Baha'uddin Ibn Shaddad, ya rubuta labarin. Finafinan baya sun saba nuna Richard a matsayin adalin sarki da zai dawo ya gyara ƙasa, wannan kuwa ya ƙi bin su, kuma ya yi daidai.

Daga nan sai igiya ta kwance. Sarki John, ƙanen Richard, ya hau a 1199. Ya rasa Normandi, yankin da yake riƙe da shi a arewacin Faransa, a 1204, ya ƙuntata wa manyan masu ƙasa da haraji don ya ƙwato ta, suka yi masa bore, suka tilasta masa buga hatimi a kan Magna Carta a Runnymede cikin Yunin 1215. Wannan ita ce takardar da ta ce ba za a ɗaure ɗa mai 'yanci ko a ƙwace masa dukiya ba sai da shari'a. John ya kai ƙara wurin Fafaroma, aka soke ta cikin 'yan makonni. Sai a 1216 Faransawa suka sauka Ingila, ƙarƙashin Yarima Louis, kuma masu boren ne da kansu suka gayyato shi, har Landan ta buɗe masa ƙofa. Dubi abin da fim ya yi: ya dunƙule shekara 17 cikin 'yan watanni, ya juya labarin ya ce Turawan Ingila sun haɗa kai sun kori baƙi a bakin teku, ya kawo jiragen sauke sojoji masu kama da na Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya ce mahaifin Robin, wani magini, shi ya fara tsara takardar 'yancin. Babu ko ɗaya cikin waɗannan a tarihi. William Marshal kuwa, dattijon nan mai ba sarki shawara, mutum ne na gaske, shi ne ma ya karya rundunar Faransa a Lincoln a 1217 yana da shekara kusan 70.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne dajin da aka bari. Ainihin ciwon da ya haifi labarin Robin Hood a can yake. Sarakunan Ingila na lokacin sun keɓe manyan yankuna, har da gonaki da ƙauyuka, suka ce dajin sarki ne. Talaka ba shi da ikon harbin barewa, ko sarar itace, ko share gona ba izini, karensa ma sai an datse masa yatsun ƙafa don kada ya yi farauta. Wanda aka kama da barewar sarki yana iya rasa idanunsa ko ransa. Wanda kuma ya ƙi amsa kiran kotu aka ce ya fita daga kariyar doka, ana ɗaukar kansa tamkar kan kyarkeci, duk wanda ya kashe shi ba shi da laifi. Sai a 1217 aka yi wata takarda ta musamman kan dazuzzuka da ta hana kisa ko yanke gaɓa saboda barewa. Mutumin da ke zaune ƙarƙashin irin wannan doka, in ya ji waƙar wani da ya ci naman barewar sarki ya kunyata Sherif na Nottingham, wakilin sarki a yankin, ai dole zuciyarsa ta yi sanyi. Fim ya taɓa wannan ƙuncin sama-sama, kamar inda Robin ya tare irin shuka da coci ke kwashewa zuwa York aka shuka shi cikin dare, sai ya yi sauri ya koma fada da filin daga, Sherif ɗin ma ya zama ɗan rakiya.

In za ka sake kallo, ka kalle shi don wasan Cate Blanchett da na tsohon nan Max von Sydow, da yadda aka nuna ƙauye da taɓo da wahalar noma na wancan zamani, waɗanda aka yi da kulawa sosai. Ka kuma lura da wurin Akka da kyau. Amma in maganar Magna Carta ce ko mamayar Faransa, ka nuna wa abokinka shekarun nan uku, 1199 da 1215 da 1216, ya jera su da abin da ya gani a fim.