NERICA aikin ɗan Afirka ce

Malam, ka tambaya ko daga Asiya aka kawo irin shinkafar NERICA. A'a, aikin Dakta Monty Jones ne, ɗan Saliyo, a cibiyar binciken shinkafa ta Afirka ta Yamma da a lokacin ake kira WARDA, a Kwaddebuwa. Shi ya haɗa shinkafarmu ta Afirka, mai jure fari da danne ciyawa, da ta Asiya mai yawan tsaba. Ya sha wuya, domin zangarniya kan fito kyakkyawa, ka murza a tafin hannu ka tarar ƙaiƙayi ne. Sai ya riƙa renon 'yan tayin ƙwayar a ɗakin gwaji, yana sake haɗa su da ta Asiya, har aka dace a 1994. Tana nuna cikin kusan wata uku, abin da ya fi burge ni ke nan. In a Najeriya kake, nemi FARO 55, sunan da aka ba wani nau'in NERICA a ƙasar.