Turancin Ingila ko na Amurka, wanne zan rubuta a IELTS?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni nas ce, ina shirin sake rubuta IELTS, jarrabawar gwajin turanci, don in yi rajista da NMC, hukumar rajistar nas da ungozoma ta Birtaniya, in tafi aiki Ingila, wancan karon writing ne ya kayar da ni na tsaya a 6. Wani mai koyarwa ya ce wai turancin Amurka nake yi saboda yawan kallon fina-finansu, kuma kalmomina ƙanana ne, har ya sayar mana da jerin manyan kalmomi ya ce mu haddace. Kuɗin jarrabawar nan ba wasa ba ne Malam, wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, ki kwantar da hankalinki. Maganar turancin Amurka ki cire ta daga ranki, IELTS na karɓar rubutun Amurka da na Ingila duka, ki rubuta color ko colour, center ko centre, babu mai rage miki maki, kawai ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai. Kuma abin da NMC ke nema a writing 6.5 ne, sauran ukun, wato reading, listening da speaking, su ne 7, kin ga ashe rabin maki ne ya rage miki.

Abin da ya ɓata min rai a tambayarki shi ne wannan jerin manyan kalmomin, don kusan kullum sai na ci karo da shi. Mu nan an riga an sa mana a kai tun daga sakandare cewa wanda ya iya turanci shi ne wanda in ya buɗe baki sai an nemo ƙamus, har tafi muke wa mai dogon turanci ko ba mu gane me ya ce ba. To masu duba takardar nan ba a haka suke aiki ba. Abubuwa huɗu suke aunawa kuma nauyinsu ɗaya, ko kin amsa abin da aka tambaya, ko maganarki na bin juna, zaɓin kalmomi, sai nahawu. A zaɓin kalmomin ma abin da suke kallo shi ne ko kalmar ta zauna a gurbinta tare da kalmomin da ta saba tafiya da su. Sai ki ga ɗaliba ta so ta ce mutane da yawa na fama da ciwon suga, ta rubuta a plethora of humans, ko ta cire heavy rain ta sa weighty rain don an ce mata heavy ƙarama ce, alhali babu Baturen da ke faɗin haka, mai duba yana gani ya san hadda ce, kuma amsar da aka haddace rage maki take yi. Ga furthermore da moreover da ake jibgawa a farkon kowace jimla kamar an zuba gishiri da ludayi. Masu sayar da waɗannan takardu a WhatsApp da Telegram yawancinsu ba su taɓa duba takardar jarrabawa ko ɗaya ba, kuma irinsu ne ke cewa a ba su kuɗi su ɗaga miki sakamako ta ciki, wannan damfara ce tsagwaronta, ko su gudu da kuɗin ko su ba ki takardar bogi wadda NMC za ta gano in ta tantance, sunanki ya ɓaci a banza.

Inda ya kamata ki sa ido shi ne bambancin maganar hira da ta rubutu. Fim zai iya cutar da ke a nan, gonna, wanna, kids, stuff, guys duk ba su da wuri a essay, ki ce children, ki rubuta do not a cike. A speaking kuwa hira ce ta minti 11 zuwa 14, ki yi magana yadda kika saba. Sai turancinmu na Najeriya, shi ba kuskure ba ne a gida, a Janairun 2020 ma ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmominmu 29, har da okada, danfo, next tomorrow da Kannywood, amma shiga ƙamus bai sa sun dace da essay ba. Go-slow a wurinmu cunkoson motoci ne, a Ingila kuwa ma'aikata ne ke jan ƙafa da gangan a wurin aiki. Trafficate ma ba za su gane ba, indicate suke cewa.

In Allah ya kai ki can, a asibiti ne bambancin zai fi damunki fiye da jarrabawa. Sashen gaggawa da fina-finan Amurka ke kira ER su A&E suke cewa, acetaminophen na Amurka shi ne paracetamol da muka sani, pants a Ingila kamfai ne ba wando ba, don haka ki kula kafin ki ce wa dattijo ya cire. Kwanan wata kuwa 03/04 a Ingila 3 ga Afrilu ne kamar namu, a Amurka 4 ga Maris. Tsohuwa za ta ce miki I need to spend a penny, fitsari take ji, wani a arewacin Ingila zai ce bai ci tea ɗinsa ba, abincin dare yake nufi. Ke ma kar ki ce wa mara lafiya I am coming sannan ki fita, zai zauna yana kallon ƙofa, kuma kar ki rubuta purging in gudawa kike nufi.

Ki ajiye wannan jerin, ki shiga shafin IELTS ko na British Council ki sauke bayanin yadda ake ba da maki, kyauta ne. Ki riƙa rubuta essay mai kalma 250 cikin minti 40 da agogo a gabanki, ki turo min ɗaya ta nan in duba miki inda rabin makin yake zubewa.