Tambaya da Amsa: Shin In Koma Tsohuwar Ma'aikatarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tsohon ma'aikaci ne a wata ma'aikatar ɓarar gyaɗa a nan Damagaram, wadda ta daɗe a rufe. Yanzu matasa sun gyara babban ɗakin injuna, suna wasan kwaikwayo da baje kolin sana'o'in hannu a ciki. Sun gayyace ni, amma zuciyata ta ƙi, domin ina ganin kamar an mai da wurin da muka zubar da gumi dandalin wasa. Shin in je?
Daga wani dattijo, unguwar Zango, Zinder

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Nauyin da kuke ji a zuciya yana da dalili, domin gyaɗa ce ta riƙe arzikin Nijar bayan samun 'yancin kai a 1960, har zuwa lokacin da farin 1973 da 1974 ya karya nomanta, kuma da hannuwan irinku aka yi wannan aiki. Duk da haka, shawarata ita ce ku amsa gayyatar.

Ginin da aka ƙaurace wa ba ya jiran kowa, damina kaɗan ta ishe shi. Ku dubi abin da ya rage na ganuwar da Sarkin Damagaram Tanimun ya kewaye Birni, tsohon garin Zinder, da ita a ƙarni na 19. Yaran nan sun hana ma'aikatarku zama kango, amma akwai abin da ba su da shi: ba su san inda ake auna buhuna ba, ba su san ƙarar injin idan ya kusa lalacewa ba, balle sunayen waɗanda suka ji rauni a bakin aiki. Wannan sani yana wurinku da sauran abokan aikinku da Allah ya bari a raye, kuma ni a ganina ya fi bangon daraja.

An yi irin wannan a wata ƙasa. A garin Essen na Jamus, an rufe mahaƙar kwal ta Zollverein a 1986, aka mai da ita cibiyar al'adu, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai kula da ilimi da al'adu, ta sanya ta cikin kayan tarihin duniya a 2001, kuma tsofaffin mahaƙa na cikin waɗanda suka riƙa zagayawa da baƙi suna yi musu bayani.

Saboda haka ku fara zuwa a ranar da babu taro, tare da abokin aiki ɗaya ko jikanku, domin ku ga wurin a natse. Ku tafi da katin aiki ko tsofaffin hotuna idan kuna da su, sannan ku nemi matasan su naɗi labarinku a waya, su kuma rubuta sunayen ma'aikatan a jikin bango kusa da ƙofar shiga.