Kan mutuwar hamstar 'yarki da batun sayen wata

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Kin ce hamstar 'yarki, wato 'yar dabbar nan mai kama da ɓera da ake kiwo a keji, ta mutu bayan kwana biyu tana gudawa, kuma kina tambaya ko ya dace ki sayo mata wata. Allah ya ba ku haƙuri, domin 'yar dabbar nan tana shiga rai ƙwarai.

Jiƙewar gindin wutsiya da ƙin cin abinci da kika ambata sun yi kama da wata cutar hanji mai kama ƙananan hamsta bayan yaye, wadda takan kashe su cikin awa 48 idan ba a garzaya wurin likitan dabbobi ba. Haka tawa ta tafi a gidanmu na Agege. Da asuba na same ta a dunƙule a kusurwar keji, kumatunta, inda takan tara abinci, babu ko ƙwayar hatsi ɗaya.

Shawarata ita ce ki sayo, amma kada ki yi gaggawa. Ki zubar da tsohuwar shimfiɗa da kayan katako, ki wanke kejin da ruwan bilic, ki shanya shi sosai. Ki kuma duba ɗakinki, domin hamsta ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, alhali zafin Legas yakan haura 30, ga kuma ɗaukewar wuta.

Ki zaɓi guda ɗaya tak, mai busasshiyar wutsiya da idanu garau, saboda irin hamstar da asalinsu daga ƙasar Siriya ne faɗa suke yi idan aka haɗa su. Sannan ki sanar da yarinyar tun farko cewa shekara 2 zuwa 3 suke rayuwa.